Sade Adu: Tambayoyi da Amsoshi Kan 'Yar Ibadan da Ta Tashi a Ingila

Wanda ya saba kunna rediyo da daddare a shekarun 1980 da 1990, ko ya taɓa shiga motar wani yaya mai tara kaset, da wuya a ce bai ji muryar nan ba, ko da bai san mai ita ba. Murya ce mai kauri, a kwance, ba ta gaggawa, kamar ta mai yi maka magana a kusa da kunne. Yanzu matasa sun sake tono ta a TikTok da YouTube, tambayoyi kuma sun yi yawa. Ga waɗanda aka fi yi, musamman kan tasowarta da shekarunta na farko a waƙa.

Da farko, yaya ake faɗin sunan nan?

Shade, kamar yadda za ka kira duk wata Shade 'yar Yarabawa da ke makwabtaka da ku a Sabon Gari. Cikakken sunanta Helen Folasade Adu. A rubutun Yarabanci ana sa ɗigo a ƙarƙashin harafin "s" don ya ba da sautin "sh", to Turawa ba su da ɗigon, sai sunan ya tsaya a Sade kowa yana karanta shi yadda ya ga dama. Abin ya dami kamfanin da ya fitar da faifanta a Amurka har ya buga yadda ake furta sunan a jikin faifan, ya kuma cusa wani harafin "r" da babu shi a asali. Shi ya sa har gobe za ka ji Ba'amurke yana cewa Sharde.

Folasade na nufin wadda aka yi wa kambi da daraja ko arziki. Helen shi ne sunan farko, amma mutanen da ke kewaye da gidan a Ibadan ba su ɗauki sunan Turawan ba, suka gutsure Folasade, ya bi ta har duniya ta san ta da shi.

'Yar Najeriya ce ko 'yar Ingila?

A nan ake yawan musu. An haife ta a Ibadan ranar 16 ga Janairu, 1959, wato kafin Najeriya ta sami 'yancin kai, lokacin Ibadan tana hedikwatar Jihar Yamma. Mahaifinta, Adebisi Adu, Bayarabe ne ɗan Ikere-Ekiti, malamin jami'a a fannin tattalin arziki. Mahaifiyarta, Anne Hayes, Baturiyar Ingila ce, ma'aikaciyar jinya. A Landan suka haɗu yana karatu, suka yi aure a 1955, sannan suka taho Najeriya. Auren bai ɗore ba. Tana da shekara 4 uwar ta ɗauke ta da yayanta Banji suka koma Ingila.

A wajenmu ɗa na uba ne, don haka idan ɗan Najeriya ya ce tasu ce, bai yi ƙarya ba. Amma a faɗi gaskiya: harshenta, karatunta, abokan aikinta da duk waƙoƙinta a Ingila suka samo asali. Mawaƙiyar Ingila ce mai jinin Najeriya, kuma ba ta taɓa ɓoye ɗaya don ɗaya ba. Ko sunan da ta zaɓa ta fito da shi a duniya ya isa shaida, don da ta so, da Helen ta amsa.

Yaya rayuwa ta kasance bayan sun koma?

Ba Landan suka sauka ba. Gidan kakanninta na wajen uwa suka fara zama, a karkara kusa da Colchester a yankin Essex, arewa maso gabas da Landan. Uwar ta koma aikin jinya, irin nas ɗin da ke bin marasa lafiya gida-gida, da shi ta riƙe yara biyu. Da Sade ta kai shekara 11 suka koma Holland-on-Sea, wani ƙaramin gari a bakin teku daf da Clacton, inda tsofaffin da suka yi ritaya suka fi yawa.

Ka ɗan kwatanta: yarinya ruwa biyu a farkon shekarun 1970, a garin da kusan kowa fari ne, ga iska mai sanyi daga teku, ga tsit da zarar masu yawon shan iska sun watse bayan bazara. Babu wani gidan kiɗa na a zo a gani, babu dangin uba a kusa. Ba gidan mawaƙa ta fito ba, ba ta kuma yi makarantar koyon kiɗa ba. Abin da take da shi kunne ne, da rediyo, da faifai.

Wane irin kiɗa ne soul, kuma ta ina ya iso gare ta?

Kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne da ya kankama a shekarun 1950 da 1960. An ɗauko salon rera waƙoƙin coci, da yadda jagora ke bayarwa 'yan amshi suna karɓa, aka haɗa da kiɗan rawa na gidajen shaƙatawa, aka mayar da maganar kan soyayya, rabuwa, talauci da neman 'yanci. Ray Charles, Sam Cooke da Aretha Franklin suna cikin waɗanda suka kafa shi. Ma'anar kalmar ita ce ruhi, wato waƙar da ke fitowa daga can ciki.

Matasan Ingila sun rungumi wannan kiɗa sosai, Sade na cikinsu. Waɗanda ta fi saurara su ne Curtis Mayfield, Donny Hathaway, Bill Withers da Marvin Gaye. A lura da jerin nan: yawancinsu ba masu ihu ba ne. Bill Withers musamman, mutum ne da zai faɗi babbar magana da 'yan kalmomi kaɗan a saman jita ɗaya. A ganina a wajen irinsu ta koyi cewa ba dole sai ka ɗaga murya za a ji ka ba.

Akwai wani ɗan labari da ita kanta ta bayar: ta ga wasan Jackson 5, ƙungiyar Michael Jackson da 'yan uwansa, a gidan wasa na Rainbow da ke Finsbury Park, inda take ɗan aikin sayar da abin sha a ƙarshen mako, amma 'yan kallon suka fi ɗaukar hankalinta fiye da masu wasan, ganin yara da iyaye da tsofaffi, baƙi da fari, duk a wuri ɗaya.

Gaskiya ne ɗinki ta fara yi?

Gaskiya ne. Tana da shekara 18 ta koma Landan ta shiga makarantar zane-zane ta Saint Martin's, ta yi kwas na shekara 3 a kan zayyana tufafi. Da ta gama, ita da wata ƙawarta suka fara ɗinka kayan maza suna sayarwa. A 1981 har New York ta je cikin ayarin matasan masu zayyana da suka raka ƙungiyar mawaƙa ta Spandau Ballet don nuna kaya. Ta kuma ɗan taɓa tallan tufafi a gaban kyamara, amma ba ta daɗe a ciki ba. Kasuwar ɗinkin ba ta kawo kuɗi ba.

Sai dai ilimin bai tafi a banza ba. Dubi hotunanta na farko: gashi a tattare baya an yi masa kitso ɗaya dogo, jan baki, manyan 'yan kunne masu zagaye, farar riga ko baƙa, shi ke nan. A lokacin da sauran mawaƙan Landan ke fitowa da gashi kamar an kunna masa wuta da kaya kala bakwai, ita ta rage komai. Wanda ya san ɗinki ya san cewa rigar da ba ta da ado ita ta fi wuyar yanka, don babu inda kuskure zai ɓuya. Haka ta yi wa waƙoƙinta.

To yaya aka yi ta faɗa waƙa?

Kusan ba da shiri ba. Wasu abokai da ke da ƙaramar ƙungiya suka roƙe ta ta riƙe musu waƙa kafin su sami mawaƙiya ta sosai. Daga nan ta shiga wata babbar ƙungiya ta arewacin Landan mai suna Pride, masu kiɗan rawa da gangunan Latin Amurka, a matsayin 'yar amshi. Ta yi shekaru tana bin su gari-gari a mota cikin Birtaniya, tana tsaye a baya, ga tsoron dandali da ke sa ta rawar jiki.

A cikin Pride ta haɗu da Stuart Matthewman, ɗan garin Hull, mai busa saksofon kuma mai kaɗa jita. Su biyun suka fara rubuta waƙoƙi tare. Sai aka riƙa ba su ɗan lokaci a cikin wasan Pride, su da 'yan makaɗa kaɗan, su yi nasu mai sanyi kafin babbar ƙungiya ta dawo da hayaniyarta. Cikin abin da take rerawa har da "Smooth Operator", wadda ta rubuta da Ray St. John, shi ma ɗan Pride. Waƙa ce kan wani ɗan duniya mai zaƙin baki da ke yawo birni-birni yana yaudarar mata.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ke raba ƙungiyoyi tun fil azal: 'yar amshi ta fi masu gida farin jini. A Disamban 1982 ƙaramar ƙungiyar da suka ware daga cikin Pride ta yi wasanta a gidan kiɗan jaz na Ronnie Scott's da ke Soho, a Mayun 1983 suka yi na farko a Amurka, a Danceteria ta New York. Wakilan kamfanonin faifai suka fara zarya, kuma kowa ita yake nema, ba Pride ba.

Ke nan Sade mutum ce ko ƙungiya?

Duka biyun, kuma wannan shi ne abin da mutane suka fi jahilta. Kamfanoni sun so su ɗauke ta ita kaɗai su haɗa ta da ƙwararrun makaɗan haya. Ta daɗe tana ƙi. Da ta yarda ta sa hannu da kamfanin Epic a Oktoban 1983, sai da sharaɗin za ta taho da mutanenta: Stuart Matthewman, da Paul Denman mai jitar bes, shi ma ɗan Hull, da Andrew Hale mai kibod. Akwai mai ganga, Paul Cooke, wanda aka fara tafiyar da shi amma ya rabu da su tun da wuri. Ƙungiyar ta ɗauki sunanta.

Waɗannan mutum huɗun su ne suka yi dukkan kundayen waƙoƙi shida, daga 1984 zuwa 2010. A harkar da aboki ke sayar da aboki kan kason kuɗi, a ce mutum huɗu sun riƙe juna sama da shekara 25 ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ana jin haka a kiɗan. Bes ɗin Denman da busar Matthewman suna bar mata fili kamar mutanen da suka san inda za ta ja numfashi tun kafin ta ja.

Yaya aka yi kundin farko?

Sunansa *Diamond Life*, wato rayuwar lu'ulu'u. An ɗauke shi cikin mako 6 a situdiyon Power Plant da ke Willesden a arewa maso yammacin Landan, ƙarƙashin furodusa Robin Millar, mutumin da ke fama da ciwon ido tun yana yaro har daga baya ya makance gaba ɗaya. Lokacin yayin na'ura ake yi, ganga ta kwamfuta da kiɗan lantarki sun cika jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa. Su kuwa suka tafi da kayan kiɗa na hannu: piyano, saksofon, bes, ganguna.

Waƙar farko da suka saki, "Your Love Is King", ta fito a Fabrairun 1984 ta kai lamba 6 a jadawalin Birtaniya. Kundin ya biyo baya a watan Yuli ya kai lamba 2, a 1985 kuma ya ci lambar yabo ta Brit a matsayin kundin Birtaniya mafi kyau. Waƙa ɗaya ce kawai a ciki ba tasu ba, ta rufe kundin, tsohuwar waƙar Timmy Thomas ce ta 1972 mai tambayar me ya hana mutane zaman lafiya da juna.

Tana cikin daula ne lokacin da take waƙar lu'ulu'u?

Ina fa! Lokacin tana zaune ne a wani tsohon ofishin 'yan kwana-kwana a arewacin Landan tare da saurayinta na wancan zamani, ɗan jarida Robert Elms. Gidan ba shi da abin ɗumama ɗaki. Da hunturu a cikin bargo take sa kaya kafin ta sauko daga gado. Bahon wanka a kicin yake. Bayan gida kuwa a waje yake, kan matakalar gudun gobara, ruwansa yana daskarewa ya zama ƙanƙara. Wanda ya san sanyin Jos a watan Janairu ya ninka shi, ya cire rana, ya ƙara ruwan sama.

Daga wannan gidan ake zuwa a ɗauke ta a kai ta talabijin, jama'a su ga mace tsaf kamar wadda ba ta taɓa sanin babu ba.

Amma ai an ce waƙoƙinta na masu kuɗi ne, na gidajen cin abinci masu tsada?

An faɗa, kuma 'yan jaridar kiɗa na Ingila sun daɗe suna yi mata wannan gorin. Dalili shi ne ta fito a zamanin Firayim Minista Margaret Thatcher, lokacin da wasu matasa ke samun kuɗi a kasuwar hannun jari suna kashewa a mashaya masu tsada, kuma faifanta ake sa musu. Sai aka jingina ta da su.

Wanda ya saurari kalmomin zai ga ba haka abin yake ba. A shekarun nan marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan 3. Waƙa ta biyu da suka saki, "When Am I Going to Make a Living", tambaya ce ta matashin da aljihunsa ya bushe: yaushe zan samu abin rufin asiri? Wata kuma, "Sally", yabo ce ga ƙungiyar agaji ta Salvation Army da ke tattara waɗanda titi ya cinye. Laifin kiɗan, in laifi ne, shi ne ya yi daɗi har mutane suka manta su saurari abin da ake faɗa.

Yaushe duniya ta san ta?

A 1985. Kundin ya fita a Amurka a farkon shekarar ya kai lamba 5, "Smooth Operator" ma ta kai lamba 5 a babban jadawalin Billboard, alhali a gida Birtaniya a lamba 19 ta tsaya. A Amurka kaɗai an sayar da kwafi sama da miliyan 4. Gidajen rediyon baƙar fata na can sun karɓe ta hannu biyu, abin da ba kowane mawaƙin soul daga Ingila ke samu ba, tunda kayansu ne ake dawo musu da shi.

Ranar 13 ga Yuli, 1985, ta hau dandalin Wembley a gagarumin wasan Live Aid da Bob Geldof da Midge Ure suka shirya don tara kuɗin agajin yunwar Habasha. Farin nan ne dai da ya taɓa Sudan, Chadi da Nijar, wanda manyanmu ba su manta ba. Ta yi waƙa uku a gaban mutum kusan 72,000. Wani lokaci za ka ga an rubuta cewa ita kaɗai ce haifaffiyar Afirka a dandalin ranar, amma Freddie Mercury na ƙungiyar Queen ma a Zanzibar aka haife shi.

A Nuwamba suka saki kundi na biyu, *Promise*, ya hau lamba 1 a Birtaniya da Amurka. A Fabrairun 1986 suka ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a fannin sabon tauraro, ta zama haifaffiyar Najeriya ta farko da ta ɗauki wannan lambar. Daga baya an ƙara musu Grammy uku a wasu fannoni, a 1994, 2002 da 2011.

Tsakani da Allah, ta iya waƙa kuwa? Muryarta ba ta hawa sama.

Idan ma'aunin shi ne hawa da sauka irin na Whitney Houston, wadda kundinta na farko ya fito a 1985, to Sade ba ta cikin gasar, kuma ba ta taɓa cewa tana ciki ba. Muryarta ta ƙasa ce, faɗinta kaɗan ne, a faifan farko ma akwai wuraren da za ka ji tana taka-tsantsan. Abin da take da shi shi ne sanin iyakarta, da kuma wani amo da ba ka rikita shi da na kowa ba ko daga ɗaki na uku. Ita ke rubuta kalmominta, ta yanka su daidai wuyanta. Mawaƙa da yawa sun fi ta murya an manta da su.

Akwai Najeriya ko Afirka a waƙoƙinta?

A kiɗan kansa, kaɗan ne. Kada ka shiga neman juju ko afrobit. A kalmomi ne abin yake fitowa, shi ma daga baya. A kundin 1992 akwai "Pearls", kan wata uwa a Somaliya da ke tsintar ƙwayar hatsi a bakin hanya don 'yarta. A na 2000 akwai "Immigrant", kan baƙon da bai san launin fatarsa abin magana ba ne sai ranar da mai kanti ya ba shi canji yana gudun taɓa hannunsa. Duk wanda ya san cewa mahaifinta ɗalibi ne baƙar fata a Landan ta shekarun 1950 ba zai sha wahalar gane inda hoton ya fito ba.

Me ya sa take ɓacewa shekara da shekaru?

Lissafa ka gani: 1984, 1985, 1988, 1992, 2000, 2010. Tazarar sai ƙaruwa take yi. Tun bayan *Promise* jaridun tsegumi na Ingila suka sa ta a gaba da ƙage-ƙage, ta janye jiki, ta koma Madrid na wani lokaci, inda ta auri wani mai shirya fim ɗan Sifaniya, Carlos Pliego, a 1989. Auren ya mutu. Ta haihu a 1996, ta ajiye aiki ta yi reno. Daga baya ta koma karkarar Gloucestershire a yammacin Ingila. Ba ta cika hira da 'yan jarida ba, ba ta fitar da kundi sai tana da abin faɗa. A tsakanin nan mazan uku sukan yi nasu aikin da sunan Sweetback.

Masarautar Birtaniya ta ba ta lambar girmamawa ta OBE a 2002, da CBE a 2017. A 2011 ta yi zagayen wasa na duniya, bayan kundin *Soldier of Love* na 2010.

Wanda bai taɓa saurarenta ba, da me zai fara?

Da *Diamond Life*, daga farko zuwa ƙarshe, waƙa tara ne, ba su kai awa ɗaya ba. Kada a sa shi a lasifikar waya, don bes ɗin Denman shi ne rabin abin, kuma waya tana cinye shi. A samu abin sawa a kunne, a bari sai dare ya yi an kashe janareta.